Zugazugin Baba

Ina ɗan shekara 9 Baba ya fara zaunar da ni bakin zugazugi a maƙerarmu da ke cikin birnin Zazzau, daura da Ƙofar Doka. Darasinsa guda ne: kada hannu ya yi sanyi wuta ta mutu, kada kuma ya yi gaggawa fata ta yage. Bayan shekara 20 na sake jin wannan darasi, amma daga bakin likita.

Da hunturu tari ya kama shi, ya rikiɗe ya zama namoniya. Kwanansa biyu a asibitin koyarwa da ke Shika aka zura masa bututu a maƙogwaro, aka jona shi da na'urar numfashi. Duk da haka iskar da ke shiga jininsa ta ƙi ƙaruwa.

Likitar ta kira ni gefe, kasancewata babban ɗa. Ta ce, "Malam, huhun mutum na ɗauke da ƙananan jakunkunan iska sama da miliyan 300. Na Baba da yawa sun cika da ruwa, wasu sun lafe sun manne kamar jiƙaƙƙiyar fata. Muna so mu ɗaga matsin iskar na ɗan lokaci domin su buɗe, sannan mu bar ɗan matsi a ƙarshen kowane numfashi kada su sake rufewa."

Cikin ɗoki na ce, "Likita, to ku ƙure na'urar mana!"

Ta girgiza kai. Ta bayyana mini cewa matsin in ya yi yawa yakan danne jijiyoyin da ke mayar da jini zuciya, bugun jini ya faɗi, ko huhun ya huje. Ta ce a 2017 wani babban bincike da likitocin Birazil suka jagoranta ya nuna cewa tsananta wannan dabara ya ƙara yawan masu rasuwa, alhali wani binciken na Faransa a 2013 ya nuna amfanin kifa majinyaci rubda-ciki na aƙalla awa 16 a rana.

Kunya ta rufe ni. Ɗan maƙeri ne yau ake tunatarwa cewa fata tana yagewa. Na sa hannu a takarda, na fita na yi alwala.

Suka ɗaga matsin kaɗan-kaɗan, idonsu kan bugun jininsa, suka tsaya inda jikinsa ya ce a tsaya. Da dare mutum biyar suka taru suka kifa shi. Kafin asuba lambar da ke kan allon ta fara hawa.

Baba ya dawo gida bayan Allah ya ƙaddara, sai dai ƙirjinsa bai ƙara ɗaukar hayaƙin gawayi ba. Yanzu a ƙofar maƙera yake zama, jikansa na zuga. Da ya ji yaron ya matsa hannu sai ya ce, "Sannu-sannu, ɗan nan, fata ce."