Kusurwar da Ba ta Haɗu Ba

Shekara talatin ya yi yana zanen taswirar filaye da hannu kafin kwamfuta ta shigo ofishin safiyon da yake aiki a Zariya. Kayan aikinsa a wancan zamani ba su wuce faffaɗan allon zane da rula da alƙaluman tawada masu siririn baki ba. Ya yi suna wajen tsabtar layi: in ya haɗa kusurwa, ba mai iya nuna inda wannan layi ya ƙare, wancan ya soma. Da aka zaunar da shi gaban AutoCAD ya koya ba gardama, sai dai ya taho da tsohuwar amanar da ya daɗe da bai wa idonsa.

Wata gonar gado ce ta nuna masa iyakar wannan amana. Mamacin ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza biyu da mata uku. Rabon ba shi da wuya: tumuni na matar, sauran kashi bakwai kuma kowane namiji biyu, kowace mace ɗaya. Abin da magada ke jira daga ofishin shi ne girman gonar, domin a kansa za a yanka wa kowa nasa. Safiyo ya dawo da lambobin turaka goma sha ɗaya, uku daga ciki a bakin rafi, inda iyakar ta lanƙwasa ta rungumi fadamar da ake noman rani.

Dattijon ya jera turakan a fuskar kwamfuta, ya shiga haɗa su da umarnin LINE. Saura gefen rafi aka ɗauke wuta. Washegari ya ƙarasa layuka huɗun da suka rage, ya ɗora farkonsu da ƙarshensu a inda idonsa ya ce masa nan ne turken. Ya zaɓi zanen duka, ya ba da umarnin JOIN, ya danna iyakar, ya kwafi adadin da manhajar ta nuna.

Wata matashiya da ba ta cika shekara biyu a ofishin ba ce ta duba aikin kafin a buga.

"Baba, zanen nan a buɗe yake," in ji ta.

"A buɗe kamar yaya, 'yata? Ga shi nan kina gani, ya zagayo ya haɗu."

Ta murza linzamin, kusurwar ta yi ta girma har layukan biyu suka rabu. Tsakaninsu akwai tazarar da a ƙasa ta kusa kamu guda. Haka ma a ɗaya gefen.

A takarda, kaurin tawada kan rufe irin wannan giɓi. Taswirar da aka zana a ma'aunin 1:1000, rabin milimita a cikinta rabin mita ne a gona, amma mai karatu ba ya damuwa, domin ya san abin da mai zane yake nufi. Kwamfuta ba ta san nufi ba. A wurinta layi lambobi ne na wurin farawa da wurin ƙarewa, kuma layuka biyu ba su haɗu ba sai lambobin ƙarshen wannan sun zama su ne na farkon wancan. Saboda haka JOIN ya haɗa layukan tudu wuri guda, na rafi wuri guda, ya bar su gida biyu. Abin da ya fi haɗari shi ne manhajar ba ta yi ƙorafi ba. In aka nemi girman sarƙar layin da ba a rufe ba, sai ta ƙaddara miƙaƙƙen layi daga ƙarshenta zuwa farkonta, ta ba da lissafi a kan haka. Wannan layin da ba a gani ya datse fadamar baki ɗaya. Da takardar ta fita, da an raba gona kashi takwas ba tare da yankinta mafi daraja ba, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Tun farkon wannan fasaha aka gane matsalar. A 1963, Ivan Sutherland ya gabatar da Sketchpad a cibiyar MIT ta Amurka, inda ake zane a fuskar na'ura da alƙalamin haske. Abin da ya burge masana shi ne na'urar tana riƙe da sanin cewa layuka biyu kusurwa ɗaya suka yi tarayya a kai. In an ja kusurwar, dukansu su biyo. AutoCAD, wanda kamfanin Autodesk ya fitar a 1982, ya tanadi umarnin PLINE, mai zana layuka da yawa a matsayin abu guda, da zaɓin rufewa wanda ke mayar da ƙarshe daidai kan mafari. Akwai kuma OSNAP, mai fizgo linzami ya ɗora shi a ainihin ƙarshen layi ko kan turke, don kada a dogara da ido.

Dattijon ya tambaya ko ba za a ja layin da EXTEND ya ƙarasa ba. Za a iya, domin aikinsa ke nan: ya tsawaita layi a kan alƙiblarsa har ya taɓa wanda aka nuna masa. Amma in alƙiblar ta karkace tun farko, mahaɗar da za a samu ba kan turken za ta faɗa ba. Akwai kuma PEDIT, wanda ake iya gaya wa ya haɗe duk giɓin da bai wuce tazara kaza ba. A zanen ado wannan rahama ce. A iyakar gona kuwa, barin manhaja ta zaɓi inda kusurwa za ta zauna daidai yake da barin baƙo ya tuge turke ya matsar da shi.

Matashiyar ba ta ɗauki ko ɗaya ba. Ta buɗe littafin safiyo, ta miƙa masa.

"Baba, ka karanto mini, ni in shigar."

Ya gyara tabarau, ya karanto lambobin turaka goma sha ɗaya, tana shigarwa cikin PLINE ɗaya bayan ɗaya. A na ƙarshe ta danna harafin C, zanen ya rufe, adadin ya ƙaru da girman fadamar.

Bai ce komai ba a ranar. Amma tun daga lokacin, duk taswirar da ya gama, kafin ya kalli kyanta sai ya buɗe akwatin bayananta ya ga ko manhaja ta shaida a rufe take. Sabbin ma'aikata kan ɗauka tsufa ne ya sa shi shakkar idonsa, alhali idon na nan garau. Magada shida sun karɓi rabonsu, kowa da ɗan yankinsa a bakin rafi, ba wanda ya taɓa jin labarin giɓin.