Man Kaɗe a Ƙotar Bindiga

Wanda ya saba ganin maharban Batsari da Safana yana iya kintatar shekarun bindigar toka daga ƙotarta, tun bai duba ƙarfen ba. Tsohuwar ƙota baƙa ce wuluk a wuya, inda hannun dama ke riƙewa, sai ta yi ja-ja zuwa gindi, ga wani santsi mai sanyi wanda fenti ba ya bayarwa. Mai ne da zufa da hayaƙin ɗaki suka taru suka yi shi a hankali.

Maƙeri ke haɗa bututu da kunama, itacen kuwa na masassaƙi ne. Yakan nemi busasshen icce mai tauri, irin kanya ko maɗaci, ya fere da gizago, ya kankare da fasasshiyar kwalba har ɓurɓushin ya koma gari. Daga nan sai mai. A narka man kaɗe, a lakata kaɗan, a murza da tafin hannu har itacen ya ɗauki zafi, a jingine shi a inuwa ya sha. Jibi ko gata a sake. Mai gaggawa da ya lafta da yawa, ƙotarsa danƙo za ta yi, ƙura ta bi ta manne.

Abin da ke burge ni shi ne, gwani ya fi daɗewa a wuraren da ido ba ya kaiwa. Akwai ƙarshen gindi, inda aka datse itacen. Nan jijiyoyinsa suke a buɗe, nan ya fi shan ruwa, kuma nan ne maharbi ke dogarawa ƙasa cikin raɓar asuba. Akwai kuma kwarmin da bututu ke kwanciya. In ruwan damina ya shige can ya kwana, itace ya kumbura, ƙarfe ya fara tsatsa ta ƙasa ba wanda ya sani. Hunturu na kamawa iska ta tsotse danshin, sai ƙota ta tsage a wuya, wurin da ya fi siranta. Duk bindigar da aka gani an naɗe ta da waya ko robar taya, sau da yawa labarinta ke nan.

Maƙeran bindiga na Amurka, a jihar Pennsylvania, sun yi fama da wannan tun ƙarni na 18. Itacensu maple fari ne mai zane-zane, sai su shafa masa ruwan asid da aka narka ƙarfe a ciki, su gasa shi da zafi har zanen ya fito ja da baƙi, sannan su bi da mai ko banish. Banish na kanti ya iso mana nan ma, yana kuma da sheƙi ranar farko. Sai dai a sama yake zama. Da zarar ƙaya ta karce shi, ruwa ya samu ƙofa, ya riƙa ɓarewa. Mai kuwa cikin itacen yake shiga, in ya ja baya a ƙara.

A 'yan shekarun nan wata irin ƙota ta yawaita a ƙauyukan bakin dajin Rugu: fara fat, mai kaushi, da sawun gizago a jikinta, wata ma da baƙin man inji aka goga mata sau ɗaya. Masu rataye da ita ba maharba ba ne da suka gaji sana'a. Manoma ne da 'yan sa-kai, waɗanda hare-haren 'yan bindiga suka sa dole su tafi gona da fartanya a kafaɗa ɗaya, bindiga a ɗayar. A watan Oktoba na 2023 gwamnatin Katsina ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma saboda wannan bala'i. Ba na ganin laifin masassaƙin da ya sallami ƙota ba ta sha mai ba. Mai ita yana tsaye a kansa, kuma a daren nan yake da gadin gari.