TITLIS: DUTSEN 'YAN INDIYA DA ƘANƘARARSA KE NARKEWA

A watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, ko ruwan randa a unguwar Gidan Dare ɗumi gare shi. Shi ya sa idan matasa suka kunna fim ɗin Indiya, aka zo wurin waƙa, jarumi da jaruma suna birgima cikin dusar ƙanƙara, sai ka ji ana cewa, "Kai, Indiya akwai ni'ima!" To, da yawa daga wuraren nan ba a Indiya suke ba. A ƙasar Siwizalan suke, can tsakiyar Turai.

Da can Kashmir ce lokeshin ɗin masu fim na Bombay. Da rikici ya ɓarke a yankin a 1989, sai suka karkata zuwa duwatsun Alps. Raj Kapoor ya riga kowa, domin tun 1964 ya ɗauki wani sashe na "Sangam" a Siwizalan, amma marigayi Yash Chopra ne ya mayar da ƙasar tamkar gida. "Dilwale Dulhania Le Jayenge" na 1995, wanda ɗansa Aditya ya ba da umarni, an ɗauki sassansa a Saanen da Zweisimmen. Saboda ɗimbin baƙin da finafinan suka jawo, a 2016 aka kafa mutum-mutumin Yash Chopra a garin Interlaken.

Cikin duwatsun da masoyan finafinan ke tururuwa akwai Titlis, mai tsayin mita 3,238. Daga birnin Lucerne ake shiga jirgin ƙasa, tafiyar kamar minti 45, zuwa ƙauyen Engelberg da ke gindin dutsen. Daga nan kuma sai motar igiya, wato wani akwati mai gilashi da ke rataye a waya yana hawa sama. Zangon ƙarshe ana yin sa ne cikin Rotair, wadda aka buɗe a 1992, tana tafiya tana juyawa don kowa ya ga ko'ina. Da an fito a tashar sama, sai ga hoton Shah Rukh Khan da Kajol a tsaye cikin ƙanƙara, Indiyawa na layin ɗaukar hoto da su.

Abin da kyamara ba ta nunawa shi ne sanyin. Duk hawan mita 1,000, zafi kan ragu da kamar digiri 6. Saboda haka mutum zai iya barin Engelberg da 'yar shara, ya tarar da iska mai yanka fata a sama. Jarumar da ake gani da sari shara-shara tana murmushi, aiki take yi ba wasa ba. Hasken rana da ke dawowa daga farar ƙanƙara yana cutar da ido, dole sai da baƙin tabarau. Iskar shaƙa ma ba ta kai ta ƙasa ba, wanda ya ce zai yi gudu irin na waƙa, nan take zai fara haki.

Kowane lokaci da irin wasansa. Daga wajen Oktoba zuwa Mayu ake wasan sulu a kan ƙanƙara. A tsakiyar hanya akwai tafkin Trübsee, wanda da hunturu yake daskarewa, da bazara kuma ya narke a riƙa tuƙa kwalekwale. A sama akwai kogon da aka haƙa cikin daskararriyar ƙanƙara, da gadar igiya mai tsawon mita 100 da aka buɗe a 2012. Ranar da iska ta yi ƙarfi kuwa, rufe su ake yi, komai nisan da mutum ya fito.

To amma fa akwai matsala. Ƙanƙarar da ta shekara ɗaruruwa a kan dutsen tana narkewa saboda ɗumamar yanayi. A 2022 da 2023 kaɗai, Siwizalan ta yi asarar kashi 10 cikin 100 na irin wannan ƙanƙara. A Titlis har lulluɓe ta ake yi da fararen barguna da bazara don kada rana ta cinye ta. A watan Mayun 2025, ƙanƙarar wani dutse ta ɓalle ta binne ƙauyen Blatten. Allah ya sa an kwashe mutanen tun kafin ranar. Kuma ruwan da ke gangarowa daga Titlis ƙarshensa kogin Rhine ne, wanda jiragen dakon kaya na Jamus suka dogara da shi.

Mu a nan ba dusar ƙanƙara, amma akwai dutse da ruwa, kuma su ma da lokacinsu. Faɗuwar ruwa ta Gurara a Jihar Neja da damina cika take ta tumbatsa, kyau a kyamara, haɗari ga mai hawa duwatsunta masu santsi. Da rani ne ta fi lafawa. Sakkwatawa kuma ba su manta da ambaliyar gulbin Rima ta 2010 ba. Don haka furodusan da zai kwashi 'yan wasa zuwa bakin ruwa, da matasan da za su yawon sallah, su fara tambayar mutanen wurin halin da ruwan yake ciki kafin a kunna kiɗa.