Gida ɗaya, fasfo uku: shirin hutu daga Briqueterie

Da wuya ka shiga gida a Briqueterie ka tarar kowa na cikinsa takardarsa iri ɗaya ce. Unguwar nan ta Yawunde, wadda sunanta na asali Ekoudou, ta samo sunan da aka fi saninta da shi ne daga wurin yin bulo na zamanin Jamus, kuma tun shekarun 1930 ta zama mazaunin Hausawan birnin. Fatake ne suka kafa ta, fatake ne kuma suke ta cika ta har yau: na Kano, na Maraɗi, na Damagaram, na Garwa da Marwa, na Njamena, ga mutanen Mali da Senegal. An yi ciniki tare, an yi sahu ɗaya a masallaci, an yi auratayya. Shi ya sa za ka ga tukunyar tuwo ɗaya, amma masu ci kowa da ƙasar da ta ba shi fasfo.

A harkar yau da kullum wannan ba ya damun kowa. Mai yadi yana aunawa, tela yana ɗinki, masu tsire suna hura wuta da yamma a wurin nan da mutanen gari suka laƙaba wa suna ma'aikatar suya, ba mai tambayar wani takarda. Ranar da aka ce za a fita waje da iyali, ranar ce bambancin yake fitowa fili.

Gidana misali ne. Ni haifaffen nan ne, fasfona na Kamaru, haka yarana uku. Uwargida 'yar Maraɗi ce, fasfonta na Nijar, tana zaune da katin zama. Sai ɗan yayana da nake riƙo, wanda ke tsaron shago tare da ni, shi kuma fasfonsa na Nijeriya. Mu shida ke nan. Shekara biyu Hajiya tana zuba adashi, ni ma ina ware wani abu duk ƙarshen wata, don yaran nan su taɓa ganin wata ƙasa a dogon hutun makaranta. Mu 'yan kasuwa mun saba tafiya, amma tafiyar sari ce: ka sauka, ka yi ciniki, ka ɗaure kaya, ka juyo. Yara ba su san komai a kanta ba sai tsaraba. Kuɗin da muka tara ya isa jarin ƙaramin shago, don haka ba kuɗin da za a yi caca da shi ba ne.

Da muka zauna zaɓen wuri, kowa ya kawo nasa. Babbar 'yata ta ce Maroko, saboda hotunan da take gani a waya. Ɗan yayana ya ce, “Baffa, Kenya fa? Ai an ce sun cire biza.” Hajiya ta ce ita dai ko'ina ne, muddin ba za a tsayar da ita a gefe ana buga wa sauran hatimi ba. Maganarta ce ta zama ma'auninmu. Kalmar nan “ba biza” tana bin fasfo ne ɗaya-ɗaya, kuma tana bin rana, domin abin da yake gaskiya ranar da ka sayi tikiti yana iya canzawa kafin ranar tashi.

Na fara da maƙwabta. Kamaru tana cikin ƙungiyar CEMAC tare da Chadi, Gabon, Kongo, Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da Ikwatoriyal Gini. Tun 2013 shugabanni suka amince da shige da fice ba biza, amma sai a ƙarshen 2017 duk ƙasashen shida suka ce sun karɓa. A takarda, ni da yara muna iya kwana 90 a Libreville. Hajiya da ɗan yayana kuwa ba ruwan wannan yarjejeniya da su, sai sun nemi biza. Kuma duk mai kai kaya Kyé-Ossi ya san sau nawa ake wayar gari a ga an rufe ƙofar Ikwatoriyal Gini ba sanarwa. Gabon ma ta rufe iyakokinta ranar 30 ga Agustan 2023 da sojoji suka karɓi mulki. Kwana uku kawai aka yi aka buɗe, amma ka duba lokacin: ana saura 'yan kwanaki a koma makaranta.

Maroko ta juya mana lissafin. Can Hajiya ce mai gata, domin ɗan Nijar yana shiga ba biza, mu biyar kuma sai mun nema. Gatan nata ma ya taɓa motsawa. Saboda gasar cin kofin ƙwallon Afirka, daga 25 ga Satumban 2025 zuwa 25 ga Janairun 2026 aka ɗora wa 'yan wasu ƙasashe, har da Nijar da Senegal da Togo, neman izinin shiga ta intanet kafin su taso. Ba a kira shi biza ba. Amma wanda bai yi ba, jirgi ba zai ɗauke shi ba, to mene ne bambancin a wurin mai jaka a hannu?

Kenya ta fi kowa nuna yadda abin yake jujjuyawa. A farkon Janairun 2024 ta soke biza ga kowa, ta maye gurbinta da izinin intanet da ake biya wajen dala 30, ana nema kwanaki kafin tafiya. Har 'yan ƙasashen da a da suke shiga kyauta suka koma biya. Aka yi ta ƙorafi. A Janairun 2025 majalisar ministoci ta amince a ɗauke wa 'yan Afirka wannan izini, ban da Somaliya da Libiya, amma sai da aka shafe watanni kafin abin ya fara aiki. Wanda ya ji labari a rediyo a Janairu ya tafi filin jirgi a Fabrairu hannu rabbana, ya ga ba daidai ba. Sanarwar shugaba tana fita yau, umarnin da ke isa teburin jami'in shige da fice yana iya ɗaukar rabin shekara.

Su kansu masu fasfon Nijeriya a unguwar nan ba sa bukatar a ba su labari. Daga Oktoban 2022 Dubai ta daina ba su biza, sai a Yulin 2024 aka sake buɗewa, kuma 'yan kasuwa da yawa sun sauya inda suke sari saboda haka. A 2023 tsibirin Seychelles, wanda ake misali da shi wajen buɗe ƙofa ga kowa, ya tsaurara wa masu fasfon Nijeriya da ke zuwa yawon buɗe ido. Tsakanin Kamaru da Nijeriya dai akwai tsohuwar yarjejeniya tun 1963 da ta ba mu kwana 90 ba biza, ita ce ta sa zuwa Kano bai taɓa zama abin tunani ba. Amma ko ita ba ta hana Nijeriya rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 ba.

Fasfon Hajiya shi ne ya fi bukatar a sa masa ido. Ranar 29 ga Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fita daga ECOWAS, wadda masu Faransanci ke kira CEDEAO. Ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar takardun 'yan ƙasashen uku, a bar su su shiga ba biza, har sai an ji wata sanarwa. Wannan “har sai” ɗin ita ce damuwar. Hakkin da ɗan Maraɗi yake da shi tun yarjejeniyar 1979 yanzu ya koma alfarma, alfarma kuma ana iya janye ta.

Bayan duk wannan, ƙasashe biyu suka rage mana da ke karɓar mu shida da amsa ɗaya. Ruwanda, wadda tun Janairun 2018 take ba kowa biza a bakin shiga, kuma a Nuwamban 2023 Shugaba Kagame ya ce ɗan Afirka ya zo ba biza. Sai Benin, wadda ta buɗe wa duk 'yan Afirka ƙofa tun 2017. Muka tsaya a kan Kotonu. Dokar ta daɗe ba ta motsa ba, tafiyar gajera ce, kuma akwai Zango da masallatai da masu jin Hausa, ba za mu rasa abincin da yara suka sani ba. Ga teku, ga garin Ganvié da aka gina kan ruwa a tafkin Nokoué, inda kasuwa take cikin kwale-kwale, ga Ouidah da hanyar da aka bi da bayi zuwa gaɓa. Ban manta ba cewa tsakanin Benin da Nijar ba daɗi tun juyin mulkin Yulin 2023, gadar Malanville da Gaya ta sha zama a rufe. Don haka duk tambayar da zan yi, da fasfon Hajiya nake fara ta.

Abin da ya rage shi ne yadda za a kashe kuɗin, kuma a nan na ga maƙwabta sun ƙone. Wani maƙwabcinmu ya biya tikiti biyar masu arha da ba a mayar da kuɗinsu, bisa maganar wani dillali da ya ce masa ai ba biza. Gaskiya ya faɗa, amma a kan fasfon maigidan. A wurin auna kaya aka ce matarsa ba za ta hau ba, shi kuma ya ce ba ya barin ta, suka dawo gida da jakunkuna a ɗaure. Ma'aikacin jirgi ba mugunta yake yi ba. Akwai kundi a kwamfuta, Timatic, da kamfanonin jirage suke dubawa: a sa ƙasar fasfo, a sa inda za a je, ya faɗi abin da ake bukata a ranar. In suka ɗauki wanda aka ƙi karɓa, su za a ci tara, su kuma za su dawo da shi. Saboda haka roƙo ba ya aiki a wurin.

Ni dai na jera nawa ne daga abin da ba ya asara zuwa abin da ke iya asara. Takardu na fara yi, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Fasfon Kamaru na zamani, wanda aka fara bayarwa a Yulin 2021, sefa 110,000 ne, yana shekara 5, ana fara rajista ta intanet. Na yara uku 330,000 ke nan, kuɗi ne, amma ko tafiyar ta fasa fasfon yana nan. Na duba kowane fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida bayan ranar dawowa. Sai katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawa. Tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rai, amma katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin ta. Wanda zai fita da yara ba tare da ɗaya daga cikin iyayensu ba, ya tanadi takardar izinin iyaye mai hatimin hukuma, da takardun haihuwa.

Akwai wata ƙofa da mutane ke mantawa, ita ce ta dawowa. Ga Hajiya, sauka a Nsimalen shiga ƙasar waje ce. In katin zamanta ya ƙare muna can, ta zama baƙuwa mai neman biza zuwa ɗakinta, bizar Kamaru kuma tun ƙarshen Afrilun 2023 ta intanet ake nemanta. Da na faɗa mata sai ta ce, “Alhaji, shekara nawa ina shara a gidan nan, a ce sai na nemi izini?” Muka yi dariya, amma washegari muka fito da katin muka duba kwanan wata, nata da na ɗan yayana.

Tikiti shi ne na biyu, kuma na zaɓi wanda ake iya ɗaga ranarsa ko da ya ɗan fi tsada. Masauki na uku, wanda ake biya in an isa. Canjin kuɗi na ƙarshe. Kada sunan sefa ya ruɗe ka: tamu ta BEAC da ta Kotonu darajarsu ɗaya, kowace 655.957 a Yuro guda, amma takardunsu daban, mai tasi a can ba zai karɓi tamu ba, mai canji kuma sai ya cire nasa.

Tambaya kuwa sau uku na tsara yin ta: kafin sayen tikiti, da saura mako biyu, da saura kwana uku. Ba a majalisar shayi ba, ba a saƙon WhatsApp da aka turo daga wani zaure ba. A ofishin kamfanin jirgi, da shafin hukumar shige da fice ta ƙasar, da ofishin jakadancinta in akwai. Kuma ina faɗin ƙasar kowane fasfo da bakina, ɗaya bayan ɗaya, ina tambaya ko akwai wata takarda ta intanet da ake cikewa ko da ba biza.

Yara sun san akwai shiri na biyu, don kada abin ya zo musu a ba-zata. In wata doka ta canza kafin Yuli, mota za mu shiga zuwa Kribi, tafiyar rabin yini, su ga inda ruwan Lobé yake zubowa kai tsaye cikin teku, su ci kifi gasasshe, kuɗin Kotonu kuma ya jira baɗi. Ƙaramin ya ce shi in dai akwai teku, duk ɗaya ne. Babbar ta ɓata rai, ta ce Kribi ai ba waje ba ce.

Yanzu fasfo shida suna cikin jaka ɗaya a ƙasan akwatin Hajiya, kowane da katin rigakafinsa a ciki. Mun sa ranar tashi a tsakiyar Yuli, bayan an gama jarrabawa, ranar dawowa kuma kafin Agusta ya raba, don ko wani abu ya tsayar da mu a hanya, a sami sararin sayen littattafai da ɗinka kayan makaranta kafin Satumba. Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya, da mu da duk mai niyyar tafiya bana.