Mai Shan Jinin da 'Yan Mata Suka Hana a Kashe

Ran nan da daddare ƙanwata ta faɗo ɗakina riƙe da waya, idonta ya yi jawur. Gabana ya faɗi, na zaci rasuwa aka yi. Ashe wai tausayin wani mutum ne a cikin tsohon wasan Turawa ya sa ta kuka. Ni kuwa na ce miƙo in gani, daga nan aka yi asarar barcina na mako guda.

Sunan wasan Dark Shadows, tashar ABC ta Amurka ta nuna shi daga 1966 zuwa 1971, kashi 1,225. Da la'asar ake sa shi, 'yan makaranta har gudu suke yi zuwa gida kada ya wuce su. Da farko bai samu karɓuwa ba, sai a watan Afrilun 1967 aka nuna kashin da ya juya komai. Wani tantiri, Willie Loomis, ya shiga maƙabartar dangin Collins neman gwala-gwalai, ya tarar da akwatin gawa ɗaure da sarƙa, ya ɓalle. Hannu kawai aka nuna ya fito, da zobe a yatsa, ya shaƙe masa wuya. Mai hannun shi ne Barnabas Collins, mataccen da ke tashi da dare yana shan jinin mutane.

Niyyar mai shirin, Dan Curtis, Barnabas ya yi 'yan makonni a kashe shi. Ina! Sai ga wasiƙu kamar ruwan sama, galibi daga matan aure da 'yan mata, zuwa ga Jonathan Frid, ɗan Kanada da ya fito a matsayinsa. Mutum ne da ya haura 40, ba wani kyau na a zo a gani ba, sai dai idonsa kullum kamar na maraya. Dole aka fasa kashe shi, har aka mai da labarin baya zuwa 1795 don a nuna mafari. Wata baiwar Allah, Angelique, ya yaudara ya koma wa Josette, ita kuwa ta iya asiri, ta raba su, daga baya ta tsine masa. Josette ta faɗa daga kan dutse ta mutu. Kun ji fa, kishi da sammu, kamar a littattafanmu.

To a nan muka saɓa da ƙanwata. Na ce mata, ke, ba wannan ne ya sace Maggie Evans ba, ya kulle ta, ya sa mata kayan marigayiya, ya ce dole ta amsa sunan Josette? Ba shi ke jibgar Willie da sanda ba? Ta share hawaye ta ce, "Haba Yaya, ai son gaskiya ne ya ja masa."

Wallahi jikina ya yi sanyi, don na taɓa jin wannan magana. A littafina na biyu akwai wani Alhaji da ke kulle amaryarsa ya tafi da makulli, ko gidansu ba ya barinta zuwa. Shafi ɗaya tak na ba shi yana kukan matarsa ta fari da ta rasu. Shi ke nan, saƙonni suka yi ta zuwa: Anti kada ki raba su, Anti ai kishi ne na so. Wata 'yar aji biyar ta rubuto cewa irin mijin da take roƙon Allah ke nan. Ni kuma, ba zan ɓoye muku ba, na ga littafi yana tafiya, sai na canza ƙarshen. Na sa ya tuba a shafi biyu, ita kuma ta durƙusa ta ba shi haƙuri. Haƙurin me? Har yau in na tuna sai in ji kunyar kaina.

Yanzu ina kan littafi na uku, kuma nan ma akwai mai kulle ƙofa. Na kai inda yarinyar ta tsinci makullin a aljihun rigarsa yana barci. Ƙanwata ta karanta ta ce in na bari ta fita, ita da littafina har abada. Na ce ta je ta kwanta, gobe akwai makaranta, na jawo fitila kusa na ɗauki biro.