Ƙugiya Ba Ado Ba Ce

Duk ɗalibin da ya kai shekarar ƙarshe ya san cewa tara bayanai daban, fitar da su daga kwamfuta lafiya daban. Mu masu nazarin Hausa kuwa wahalarmu ta fi ta kowa, domin haruffanmu masu ƙugiya, watau ɓ da ɗ da ƙ, su ne sukan fara jin jiki a hanya.

Ni da manhajar R nake ƙirga kalmomin tatsuniyoyin da na tara. Manhaja ce ta ƙididdiga wadda Ross Ihaka da Robert Gentleman suka fito da ita a Jami'ar Auckland a 1993, kyauta ce, kowa na iya duba cikinta. Da na fitar da sakamako a fayil irin na CSV, wani abokin karatuna ya buɗe da Excel, sai ga ƙasa ta koma Æ™asa, ɗaki ya koma É—aki. Nan take ya ba ni shawara in cire ƙugiyoyin duka in huta. Na ce a'a. In na cire, fada da faɗa sun zama kalma guda, haka baki da baƙi, sai kwamfuta ta haɗa lissafinsu, ni kuma in kai wa malami ƙarya cikin jadawali.

To, mene ne asalin cutar? Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Tsarin ASCII na 1963 gurbi 128 gare shi, na Windows-1252 kuma 256, babu ƙ ko ɗaya a cikinsu. Sai a tsarin Unicode, wanda ya fito a 1991, muka sami mazauni. Hanyar rubuta shi da ake kira UTF-8 da lambobi biyu take ajiye ƙ. Idan mai buɗewa ya karanta da tsohon tsari, sai ya ɗauki kowace lamba harafi ce mai zaman kanta. Ashe fayil lafiyarsa lau, mai karatu ne ya sa tabarau na wani.

Maganin ba wuya. A cikin R, umarnin write_excel_csv na ƙunshin readr yakan sa wata 'yar alama a farkon fayil wadda ke shaida wa Excel cewa UTF-8 ne. LibreOffice Calc kuwa yakan tambaye ka tsarin tun wajen buɗewa. Tun daga R 4.2 na 2022 ma, UTF-8 ya zama tsarinsa a kan sababbin Windows. Amma in ka ga alamar tambaya a gurbin ƙugiya bayan an adana fayil da tsohon tsari, to harafin ya tafi ke nan, sai dai a koma ga fayil na asali.

Akwai wasu ramuka biyu. 'Yan'uwanmu na Nijar da ke bin tsarin Faransanci da waƙafi suke rubuta ɗigon lissafi, watau 2,5 maimakon 2.5, saboda haka waƙafi mai ruwa ke raba ginshiƙansu, read.csv2 ke karanta irin wannan. Sa'an nan fayil na SPSS yakan riƙe bayanin cewa 1 namiji ne, 2 mace, 99 kuma ba a amsa ba. CSV ba ya ɗaukar wannan bayani, sai ka tarar da ƙauye cike da tsofaffi 'yan shekara 99. PSPP da ƙunshin haven suna karanta fayil ɗin da bayanansa.

Jama'a, rigakafi ya fi magani. Ku ajiye fayil na asali kada ku taɓa shi. Kafin babban aiki ku gwada fitar da layi biyar masu ɗauke da ɓarawo da ɗaki da ƙasa, ku buɗe a kwamfutar da malami zai duba. In sun isa da ƙugiyoyinsu, sauran ma za su isa.