Giwa a Gonar Ɗalibina

Shekaru uku ke nan da na kwashi 'yan ajina muka tafi Yankari. Tun a cikin mota nake ta zuba musu tarihi, irin halinmu na malamai: an keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi a 1991, ta mayar wa Jihar Bauchi a 2006. Yara suka yi wanka a ruwan ɗumin Wikki, gwaggon biri ya warce wa ɗaya burodi, aka sha dariya. Da la'asar sai Allah Ya haɗa mu da garken giwaye a bakin kogin Gaji. Mota ta kaure da murna, in ban da yaro guda da ya sunkuyar da kai.

Na ce, "Kai kuwa lafiya?"

Ya ce, "Malam, ai mun san juna da su. Bara a dare ɗaya suka gama da masarar babanmu."

Sai a nan na tuna da zangon da ya yi bai zo makaranta ba, har na rubuta masa rashin kula a takardar sakamako.

To, mai karatu, wa za a ba gaskiya? Dajin da faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200 ba shi da katanga. Da rani giwa ba ta nisa da Gaji saboda ruwa, amma da damina ko'ina ruwa ne, sai ta fantsama, ta tarar amfanin gona ya kusa nuna. Gonakin kuwa sun matso har bakin iyaka, domin yawan jama'a ya ƙaru, ƙasa ba ta ƙaru ba. Makiyayi ma da noma ya cinye masa burtali ya kora shanunsa ciki, ga maharbin da ke farautar haure duk da haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 1989. Mai gadin daji ne a tsakiya, a bakin ransa.

A Kenya an gwada kewaye gona da amyar zuma, don giwa na tsoron ƙudan zuma, an kuma ga amfani. Na ba yaron wannan labari a kan hanyarmu ta dawowa. Ya saurara cikin ladabi, sannan ya tambaye ni nawa ake sayar da amya ɗaya, kuma guda nawa za su zagaye gonar babansu.